Shekarar da Na Lotsa Takarda

Bello da Habibu, wannan babin naku ne kafin na kowa, domin ku ne duk Sallah idan an taru a zaure sai kun tayar da maganar haruffan kakanku. Kuna cewa 'yan makaranta sun zo da malaminsu sun yi wa tsoho daɗin baki, ƙanwarku Sa'adatu ta buɗe musu ƙofa, aka lalata gadon gida aka kama gaba. Na sha jin ku ina yin shiru, saboda a lokacin bakinku cike yake da nama, ba sauraro kuke yi ba. Yanzu da na zauna rubutu zan faɗa muku yadda aka yi. Babu wanda ya yaudare ni. Malamin nan ma hana ni ya yi, na ƙi. Kishi ne ya sa ni, kishin wani mutumin duwatsun Mokolo da bai taɓa yi mini komai ba sai ladabi, kuma har gobe idan aka ambaci sunansa a gidan nan sai in ji miyar ta canja ɗanɗano.

Kakanku Alhaji Garba, wanda kowa ke kira Baba Alhaji, jikan fatake ne da suka zo Garwa daga Kano da goro da tufafi. Shi kaɗai a danginsu ya bar fatauci ya shiga ɗab'i. Ya koyi aikin a hannun wasu Turawan mishan, daga baya ya sayi injin bugu mai feda da akwatunan haruffan darma, ya buɗe shago a bayan babbar kasuwa. A nan na tashi, ina jera haruffa ɗaya bayan ɗaya tun kafin gemu ya fito mini. Abubuwa da yawa ya koya mini da baki, amma abu ɗaya da hannu ya koya mini shi. Idan na buga takarda sai ya karɓa, ko fuskarta ba zai duba ba, ya juya ta ya bi bayanta da ɗan yatsa, idonsa a rufe. Idan ya ji tudu ko yaya yake, alamar harafi ya nutse cikin takardar ke nan, sai in ji ranƙwashi a tsakiyar kai.

"Tawada na ce ka ajiye, Umaru, ban ce ka haƙa rami ba. In haƙa kake so, ga gona can bakin kogi."

Ba mugunta yake yi ba. Darma ƙarfe ne mai taushi, idan aka matse shi da ƙarfi fuskar harafin bajewa take yi, kuma harafin da ya baje ya mutu. Rabin rayuwata na yi ina koyon yadda injin zai taɓa takarda ya saki ba tare da ya bar shaida a bayanta ba, har na kai ana kawo mini aiki daga Yagwa da Tibati don wannan kawai. A cikin akwatunan nan kuwa akwai guda ɗaya da ba a taɓa buɗe wa mai ciniki ba. Manyan haruffa ne masu karkata, masu siraran jela, kamar rubutun hannun mutumin da ba ya sauri. Na gida ne. Da su aka buga katin aurena da uwarku Hajiya Dudu, da su aka buga katin sunan kowannenku, da su na buga katin aurenka Bello, da naka Habibu, da na 'yar'uwarku Zainabu. Saura kati ɗaya ya rage mini in buga in ce na sauke nauyi, shi ne na auta, Sa'adatu.

Ita kuwa autar tun tana ƙarama ba ta ƙaunar shagon. Warin kalanzir da muke wanke haruffa yana sa ta ciwon kai, in ji ta. Da ta shiga lise, wato sakandare, idan na ɗauke ta a babur sai ta ce in sauke ta a kwanar baya, wai tana so ta miƙe ƙafa. Na san ba ƙafa ba ce, faratuna ne, waɗanda sabulu ya yi shekaru yana fama da su bai ci nasara ba. An taɓa kawo mini labari wai ta ce wa ƙawayenta ubanta ɗan kasuwa ne. Ban ce mata komai ba, ai a bayan kasuwar nake. Lokacin ma kwamfuta ta riga ta cinye aikin, abin da ya rage mini sai littattafan rasit da tikitin motocin haya da sanarwar rasuwa da tsofaffi ke kawowa. Da ta ce za ta tafi Marwa ta karanta zane a babbar makaranta, na sa mata albarka, na ce wa kaina wannan yarinya ita da darma sai dai a lahira.

A shekararta ta ƙarshe ta zo hutu da zafi, lokacin da mangwaro ya cika gari, kogin Binuwai ya janye har yashi ya fito. Wata la'asar ina zaune ina korar ƙuda sai ga ta a ƙofar shago. Wannan kaɗai ya isa in miƙe tsaye, na ɗauka rasuwa aka yi. Ta shigo tana murmushi, ta ɓare rigar wayarta, irin mai garai-garai ɗin nan da ake ganin abin da ke ciki, ta zaro wani ɗan kati ta miƙo mini da hannu biyu.

"Baba, rufe idonka ka taɓa."

Na rufe na taɓa. Takarda ce mai kauri, mai laushi kamar auduga, kuma kowane harafi a kanta rami ne. Na juya bayanta, yatsana ya yi ta hawa da sauka kamar mai tsallake kunyar gona. Wallahi sai da tsakiyar kaina ta yi zafi, wurin da Baba Alhaji yake ranƙwasa.

"Wane ne ya yi wannan ɓarnar?"

"Ɓarna kuma? Baba, Misiye Pol ne ya buga da hannunsa. Malaminmu ne. Yana da ɗan ƙaramin inji a makaranta. Ya ce wannan ne abin da kwamfuta ba za ta taɓa iyawa ba. Ya ce mutane sun gaji da shafa gilashin waya, suna son abin da yatsa zai ji. A kan wannan zan yi aikina na kammalawa, mu tayar da sha'awar tsohon ɗab'i a Garwa. Da na ce masa babana yana da babban inji, Baba, da ka ga yadda ya miƙe tsaye!"

Na tsaya ina kallon ta. Ta zagaya injin tana shafa shi, tana shaƙar warin kalanzir ɗin nan kamar turare, babu ciwon kai babu dalilinsa. Injin nan yana wurin tun kafin a haife ta. Ni ina wurin tun kafin a haife ta. Duk shekarun nan ba ta taɓa tambaya ta yadda ake taka feda ba, sai da wani baƙo ya nuna mata wata 'yar takarda mai ramuka sannan ta gano ubanta yana da abin kallo. Kuma abin da ya burge ta shi ne ainihin abin da aka dake ni a kansa. Na ji kishi ya taso mini, ban kuma yi ƙoƙarin danne shi ba. Ta karɓi katinta ta hure shi, wai kada hannuna ya ɓata shi, ta mayar bayan waya.

Satin nan kaf ba a ji komai a gidana ba sai "Misiye ya ce". Misiye ya ce takardar auduga ta fi. Misiye ya ce a jiƙa ta kaɗan. Misiye ya ce tawada kala ɗaya ta isa. Uwarku kuwa, kun san ta, ba ta ganin ciwo ta bar shi ba ta taɓa ba. Ta kawo mini tuwo ta ga na zuba masa ido, sai ta ce:

"Malam, ci mana. Misiye ya ce tuwo da zafinsa ake ci."

"Hajiya, ki kiyaye ni."

"Kay, tsoho da kishin malamin makaranta! Yarinya ta shigo shagonka bayan shekara da shekaru, maimakon ka yi hamdala ka tsaya tambayar wa ya nuna mata hanya."

"To ai shi ne abin tambayar," na ce mata.

Wata Asabar da safe suka zo tsara aikin, Misiye Pol da 'yan ajinsu kaɗan. Na kwana da shirin in ga mai girman kai, mai ƙulla wuya da taye, in ji daɗin ƙin sa. Sai ga wani dogo siriri, furfura ta fara cin gefen kansa, da ɗan gicciye a wuya, ya tsaya a ƙofar shagona ya cire takalmi. Tunda aka buɗe shagon nan ban taɓa ganin wanda ya cire takalmi ba, ƙasan duk tawada ce. Ya gaishe ni da Fillanci, ya ga na amsa a taƙaice, sai ya juya Hausa, irin ta kasuwa wadda ya ce ya koya yana yaro yana raka uwarsa sayar da dankali. Baba Malam yake kira na. Ya nemi izini kafin ya taɓa injin, kuma da ya taɓa na gane ya san abin da yake taɓawa. Wannan ya ƙara ɓata mini rai, domin na so a ce jahili ne.

Aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar shago aka fara shawara. Yaran suna so a kama babban zaure a cikin gari, a gayyato manya masu kwat, a yi jawabi da Faransanci. Sa'adatu ta ce a'a, manya za su tafa su tafi, a fito da injin nan bakin hanya inda 'yan kasuwa da 'yan lise suke wucewa, duk wanda ya tsaya a buga masa kati a gabansa ya tafi da shi gida. Misiye Pol ya ce Sa'adatu ta yi gaskiya. Kalma huɗu ya faɗa, amma da kun ga fuskarta, sai ku ce kujerar Makka aka ba ta. Ni da na sha ce mata ta yi gaskiya tun tana rarrafe ban taɓa samun wannan fuskar ba. Aka zo kan sunan da za a ba taron, kowa yana jefo na Faransanci mai tsawo, sai malamin ya juyo ya ce a tambayi mai shago.

"Ku ce masa Taɓa Ka Ji," na ce, "tunda yanzu da yatsa ake karatu."

Gatse na yi. Suka tafa, har da shi, wata yarinya ta rubuta nan take. Daga nan ya zaro wani faranti na roba daga jakarsa, mai tauri, da zanen injina a jiki wanda Sa'adatu ta zana aka yi masa shi a Duwala. Ya bayyana tsarin a hankali. Kowane kati zai zama kashi biyu. A sama za a buga zanen da farantin roba, a matse shi sosai ya lotsa takardar, domin roba ba ta jin ciwo, idan ta lalace a sake wata. A ƙasa kuma ni zan jera sunan mutum da ƙananan haruffana na yau da kullum, in buga sama-sama yadda na saba, kada darma ta wahala. Tsari ne mai kyau, har yau ban ga aibinsa ba. Amma ina zaune ina ganin abin da zai faru. Mutum zai karɓi kati, yatsansa ya tafi kai tsaye wurin ramin Misiye, ya yi ta shafawa yana mamaki, ya wuce ta kan aikina bai ma san ya wuce ba. An kira taro Taɓa Ka Ji, a ƙofar shagona, da injin ubana, kuma kashina ne kaɗai ba za a ji ba.

Ina cikin wannan tunani Sa'adatu ta shiga ciki neman almakashi, ta jawo akwatin gida bisa kuskure. Muka ji ta yi salati. Kowa ya tashi ya leƙa. Ta ɗauko babban harafin farkon sunanta, mai jelar nan da ta lanƙwaso ƙasa, ta ɗora a tafin hannu tana kallo. Katin sunanta yana cikin adakar uwarku tun tana jaririya, ba ta taɓa neman gani ba. Misiye Pol ya sunkuya ya daɗe yana dubawa, hannunsa a baya, sannan ya ce:

"Bon, waɗannan ba na aiki ba ne. Ba a ƙara yin irinsu. Za mu sa su cikin akwatin gilashi mutane su gani, amma kada kowa ya taɓa."

Ta dube shi ta gyaɗa kai, ta mayar da harafin a hankali. A kan haruffan kakanta, a cikin shagon ubanta, ubanta yana tsaye, shi ta duba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ba a sa kayana a gilashi, ba gawa ba ne. Da waɗannan za a buga sunayen. Kuma lotsa su zan yi, su fi robarka zurfi."

"Baba Malam, za su mutu. Dubi jelar nan, ba ta fi gashi kauri ba."

"Na san su kafin a haife ka."

Uwarku ta ji labari kafin in iso gida. Wannan karon ba ta yi tsokana ba. Ta zauna a bakin gado tana tsinke zogale, ba ta ɗago kai ba ta ce:

"To katin aurenta fa, Malam? Kowa ya samu, ita da me za ka buga mata?"

"Aure yana hannun Allah. Wannan kuma yana gabana."

"Mahaifinka zai ranƙwashe ka daga kabari."

Na ce ya daɗe bai yi ba, kan ma ya yi kewa. Ta yi tsaki ta ci gaba da zogalenta. Na san gaskiya ta faɗa. Na auna maganar ina cikin hankalina, ba a cikin fushi ba, na ga kati ɗaya na wata rana da ban san ko zan kai ba, na ga kuma 'yata a yau tana ɗauke da aikin wani a bayan wayarta, na zaɓa.

Makonnin shiri da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na yi a shagon nan, wannan ma ku rubuta ku ajiye. Tunda sunaye da yawa za a jera a yini ɗaya, dole a samu hannu na biyu, kuma ban yarda da hannun kowa a akwatin gida ba sai na jinina. Kullum da safe sai ta zo ta tsaya kusa da ni, ina nuna mata gidan kowane harafi, da yadda ake jera su a juye, da yadda ake cusa siraran ƙarfe a tsakani har layi ya tsaya daram. Ta zubar, ta tsince, ta yi kuka sau ɗaya, ta koma. Ni kuma na koyi abin da ban taɓa zaton zan koya ba. Na ƙara shimfiɗar takardu a bayan farantin injin, na jiƙa takardar audugarsu, na matse sukurori, ina gwadawa da tsofaffin haruffa har ramin ya fito da baki mai tsafta. Wata rana muna cin gyaɗa na dubi hannunta na ga baƙi a ƙarƙashin faratanta. Ban ce komai ba, don kada ta je ta wanke. Abin da ke ɓata mini yinin kawai shi ne bayan la'asar, sai ta fita gindin darbejiya ta kira shi a waya ta ba shi rahoton abin da ni na koya mata, ina jin dariyarta daga ciki.

Ana jibi taro ya zo shi kaɗai, ya sake cire takalmin nan nasa. Ya ce ya kawo shawara ta ƙarshe, a ɗauki hoton haruffan a yi farantin roba mai kamarsu, a bar na ainihi su huta. Na ce kamarsu ba su ba ne. Ya dube ni da idon mutumin da ya gane, wanda shi ne idon da na fi tsana.

"Baba Malam, ni ba gasa nake yi da kai ba."

"Ni ina yi," na ce masa.

Ranar taron majiya ƙarfi suka turo injin bakin hanya, aka kafa rumfa. Na yi zaton yara kaɗan za su tsaya su yi dariya su wuce. Kafin hantsi layi ya kai bakin masallaci. Wata mai shinkafa daga Yagwa ta ba da sunanta, ta tsaya tana kallon Sa'adatu tana tsintar haruffa, na taka feda, na miƙa wa matar katinta. Ta shafa zanen da robar Misiye ta lotsa ta ce da kyau. Sai yatsanta ya sauko kan sunanta ya tsaya. Ta shafa, ta sake shafawa, ta juya baya ta shafa tudun, ta ce ita ba ta yi boko ba amma yau ta ji sunanta da hannunta, ta ƙulle katin a bakin zane. Na dubi Misiye Pol don in ga ko ya gani. Ya gani, har yana murna, abin haushi. Masu kifin Tibati suka zo, matan ƙauyukan dutse masu sayar da wake suka zo, 'yan lise suka yi ta tambayar ko ana koyar da aikin. Ni kuwa ƙafata tana kan feda kunnena yana kan darma. Duk bugu ɗaya ina jin sa a haƙorina. Wajen azahar siraran jelar suka fara kauri, wajen la'asar wasu suka fara tsinkewa, haruffan da suka fi yawa a sunayen mutanenmu suka baje kamar an taka malmalar tuwo. Sa'adatu ta lura. Ta raɗa mini cewa mu tsaya haka.

"Jera naki," na ce. "Cikakke, da sunana a ƙarshe."

Ta tsinto waɗanda suka fi sauran rai ta jera. Na ƙara takarda ɗaya a shimfiɗar, na taka da duk nauyina. Shi ne kati mafi zurfi da aka buga ranar, shi ne kuma na ƙarshe da akwatin gida ya buga.

Da aka zo rufe taro aka ba ta lasifika. Ta gode wa Allah, sannan ta gode wa Misiye Pol wanda ya buɗe mata ido, sannan ta gode wa babanta. Na lura da jerin, kada ku ce ban lura ba. Ta ci jarrabawarta da yabo, kuma shi ɗin ne dai ya haɗa ta da masu aikin zane a Duwala ta tafi. 'Yan lise biyu sun yi ta zuwa koyo na ɗan lokaci, makarantar ma ta riƙa turo ɗalibai duk shekara su ga injin. Ni kuma na zauna na tsince akwatin gida harafi bayan harafi, na ga abin da ya rage ba zai jera sunan mutum ɗaya ba. Ban zubar ba, ban sayar wa masu narka darma ba, suna nan inda kuka san su.

Da aurenta ya tashi, a Duwala ta tsara katin a kwamfuta, ta zo da su cikin kwali. Ta same ni a shago ta ajiye guda a gabana, ba ta iya haɗa ido da ni ba. Kati ne mai kyau. Na juya shi, na rufe ido, na bi bayansa da yatsa yadda aka koya mini. Sumul yake, babu tudu ko na ƙwayar gero, irin aikin da Baba Alhaji ya yi ta dukana in yi. Yatsana ya yi ta yawo yana neman inda zai tsaya bai samu ba. A nan ne abin ya yi mini ciwo, ba ranar taro ba. Kowane ɗa a gidan nan ya shiga aure da haruffan kakansa, ban da wadda ta fi kowa sanin gidajensu a cikin akwati.

"Baba, da ka bari an sa su a gilashi..."

"Da yanzu kina da kati, ba ki da baƙin farce. Miƙo wayar nan in gani."

Ta ɗauka hoton ango zan duba, ta buɗe mini ta miƙo. Na kifa wayar. Ga katina a bayan rigar, sunanta da nawa, ramin ya ɗan yi duhu saboda hannu. Zuciyata ta yi fari, har na fara murmushi. Sai na matsa da babban yatsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ƙirga takarda da hannu ba a ɓoye masa kauri. Kati biyu ne a ciki.

"Naka ne a sama, Baba," in ji ta.

"Na gani. Na ƙasan fa?"

Ta yi dariya har da hawaye, ta karɓe wayarta ta jefa a jaka. Misiye Pol ya zo bikin, ya cire takalmi a ƙofar zaure, na ba shi wuri mai kyau da naman da ya fi laushi, kada a ce. Sa'adatu ta canja waya ba sau ɗaya ba tun daga lokacin, kuma duk zuwan da za ta yi sai na nemi dalilin riƙe wayar na matsa. Har yau biyu ne. Abin da nake rarrashin kaina da shi kawai shi ne na san zurfin da na ba nawa, na san tudun da ke bayansa, kuma shekara da shekaru ke nan yana danne na Misiye.